Gidanmu Daga Tsayin Kujera

Litinin, da hantsi

Kwamfuta tana dafa hoton falon wani otal, ta ce in jira. Ni kuwa ba abin da na tsana kamar jira, shi ne na jawo wannan littafin daga ƙasan jaka. A ofis renda suke ce wa abin, ni kaɗai ke cewa dahuwa, kuma ni ce da gaskiya. Sai ka gina ɗaki a cikin manhaja, ka jera kujeru, ka shafa fenti, ka kunna fitilu, ka kafa kyamara, sannan ka rufe tukunya ka koma gefe. Hoton ya fara fitowa dishi-dishi, a hankali ya washe, har wanda bai sani ba ya rantse ɗaukarsa aka yi. Alhali ɗakin ko bulo ɗaya ba a aza ba.

Jiya likita ya ce nan da 'yan makonni za a sallami mijina Dogo daga asibiti. Don murna har hannun wata ma'aikaciyar jinya na kama, ban ma san ta ba. Na juyo in ga fuskar mijina, na tarar silin yake kallo.

"Gidan Yaya zan sauka," in ji shi.

Na ce, "Namu gidan fa, gobara ya yi?"

"Gidanmu ba zai yiwu ba, Gajeruwa. Kin fi ni sani."

Daga nan ya ja bargo wai barci yake ji. Mutumin da motsin kyanwa a kan rufi ke tashe shi, wai barci da rana tsaka ina tsaye a kansa.

Na san Dogo. In ya shiga ɗakin bayan nan na gidan yayarsa ya saki labule, shi ke nan, ba fitowa zai yi ba. Ni kuma in koma mai zuwa dubiya da kwanon abinci, in yi sallama in jira a ba ni izini kafin in ga mijina. Wallahi ban yarda ba. Ina son shi, kuma a gidana nake son shi, ko da gardamar tasa ce kaɗai za ta dawo.

Talata, bayan la'asar

Tsanin yana nan jingine a tsakar gida inda aka bar shi tun ranar da Dogo ya faɗo daga kansa. Na ratse shi na wuce, kamar kullum.

Laraba, da yamma

Na tare malamar motsa jiki a barandar asibiti, na ce ta gaya min me gida yake bukata. Ta ce kada a bar matakala ko ɗaya, banɗaki ya sami fili da ƙarfen kamawa, gado ya sauko, komai ya zama hannu yana kaiwa daga zaune. Daga zaune. Ita ta faɗa ta wuce abinta.

Da na dawo na ɗauko tef na shiga auna gida. Na sha auna gidajen mutane, ban taɓa auna nawa ba. Ashe bangon falonmu a ɗan karkace yake. Ashe gidan nan cike yake da 'yan dakali, daga ƙofar gida zuwa falo, daga falo zuwa kicin, kullum ina taka su ban taɓa sanin suna nan ba.

Sai makunnan wuta. Dogo aikin lantarki yake yi, shi ya ja wayar gidan nan da hannunsa muna sabon aure, kuma kowane makunni daidai kafaɗarsa ya kafa shi. Kafaɗar tasa kuwa ta wuce kaina. Shekara da shekaru sai na yi ɗage nake kunna fitilar ɗakina, in na yi magana ya ce, "To ki ƙara tsawo mana, wa ya hana ki?" Yau na tsaya ƙarƙashin na falo da tef a hannu ina dariya ni kaɗai, ban ankara ba dariyar ta koma kuka.

Ga shawarar da na yanke. Zan gina gidanmu a cikin manhaja yadda zai zama bayan gyara, in dafa hotuna in kai masa. Na sa manyan mutane sun ƙwallafa rai a gidajen da ko harsashinsu ba a haƙa ba. Mijina guda ɗaya ba zai gagare ni ba.

Juma'a, bayan azahar

Yaya ta zo. Ta shigo da sallamarta mai cika gida, ta zauna a kujerar Dogo, tana bin dakalan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Amarya," ta ce. Har yau haka take kirana, ga 'yata can a makarantar kwana amma ni dai amarya ce. "Ba ƙwace miki shi zan yi ba. Dube ki fa. In ya zame a banɗaki ke za ki ɗaga shi? Ni gidana ga fili, ga samari majiya ƙarfi."

Na ce, "Yaya, ai ba buhu ba ne da za a yi ta ɗagawa."

"Ni na goye shi, na san nauyinsa tun yana cikin tsumma."

"Ai ya ƙaru tun daga lokacin, Yaya. Na yanzu ni na san shi."

Ta harare ni, sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta kawo min duka da gefen mayafi tana cewa marar kunya. Da za ta tafi idonta ya faɗa kan abin da ke jingine a tsakar gida, ta kau da kai da sauri. Ba mugunta take yi min ba, tsoro take ji irin nawa. Amma dai ta riga ta sa an yi wa ɗakin bayan fenti.

Lahadi, da safe

Na gama gini. Na ɗauki hoton fentin bangonmu da zanen labulenmu na manna su a kan na kwamfuta, don kada ya ce gidan wasu ne. Na share dakalan na sa gangare mai sauƙin hawa, na buɗa banɗaki, na sauke makunnai.

Abin da muke fara koya wa sabon zuwa a ofis shi ne, hoton da ya cika tsafta ido yana gane ƙaryarsa nan take. Sai ka ɗan karkata matashin kujera, ka bar sawun yatsa a gilashin tebur, ka ɗan tattare bakin darduma, sannan mai kallo ya yarda akwai masu zama a wurin. Ni ce gwanar wannan, har Oga yana ce min sarauniyar datti. Amma da na zo kan namu sai na sami kaina ina sharewa. Takalmansa na bakin ƙofa, na cire. Kekensa na hawa da ke baranda, na cire. Akwatin kayan aikinsa na saman kabad, shi ma na cire. Abin nan mai taya kuwa da za a sallamo shi a kai, ko kusa ban sa shi ba.

Na shigo da hasken hantsi ta tagar gabas, na bar kwamfuta tana dahuwa. Falon ya fito fes kamar na talla.

Litinin, da magariba

Na kai masa a laftof. Na ɗora masa a cinya, ina wuce hotunan ina zuba bayani kamar a gaban Oga. Ya kalla, ya ce, "Ya yi kyau." Ya rufe murfin ya miƙo min.

Dogo bai taɓa cewa aikina ya yi kyau haka kawai ba. Kullum in ina aiki a gida sai ya leƙo ta saman kaina ya ce irin wannan fitilar ba ta ba da irin wannan hasken, inuwar can daga ina ta fito, wa ya ce miki ana sa soket a bayan labule. Mu yi ta yi har abinci ya huce. Yau kuwa "ya yi kyau," kamar wanda yake sallamar baƙuwa.

Lokacin motsa jikinsa ya yi, aka ɗora shi a kan abin. Na kai hannu zan kama mariƙin baya, ya ce, "Bari," ko waiwayowa bai yi ba. Ya murza tayoyin da kansa ya fita. Ma'aikatan sun ce su ma ba ya bari su tura shi, kada in sa a raina. Na sa kuwa.

Talata, da asuba

Ban yi barcin kirki ba. Gadon ya yi min yawa.

Alhamis, da la'asar

Na sake dafa su da hasken yamma, na ce ko hantsin ne bai yi masa ba. Na mayar da akwatin aikinsa, na mayar da takalman ma. Ya daɗe a kan hoton falon fiye da ranar nan, har na fara sa rai. Sai ya ɗora yatsa a ƙasan allon.

"Wane ne a tsaye a nan?"

Na ce, "Ai babu kowa a hoton."

"Mai kallon nake nufi. Yana ganin saman firij. Yana hango titi ta taga, ta saman katanga. Mutumin nan a tsaye yake, Gajeruwa, kuma dogo ne. Ki kai masa hoton, gidansa ne."

Na sake duban hoton, sai na ga gaskiyarsa. A aikinmu daidai idon mutum a tsaye ake kafa kyamara, manhajar ma da kanta take ajiye ta a wurin, ba mai ko tunanin abin. Ni kuma na daɗe ina ƙara wa tawa tsawo fiye da ta kowa a ofis, Oga yana cewa salona ne. Ba wani salo. Tun farkon aurenmu nake son ganin ɗaki yadda Dogo yake ganinsa daga can sama, shi ne nake ɗora kyamara a tsayin idonsa, har hannu ya saba. Wato hoton gidan da ya rasa na dafa har sau biyu na kai masa gadon asibiti, ina jiran ya gode min.

A motar haya na yi ta kuka, direba yana satar kallona ta madubi.

Juma'a, da hantsi

Ban je ofis ba. Na jawo kujerar teburin aikina mai 'yan tayoyi, na ɗora matasai har idona ya kai inda nasa zai kai in yana zaune (ko a zaunen ma ya fi ni, ɗan rainin hankali), na ce ba zan miƙe ba sai na zaga gidan kaf.

Wani gida ne daban. Tagar falo ba ta nuna titi, sai katanga da ɗan yankin sama. Madubin banɗaki tsakar ɗankwalina kawai ya nuna min. Tukunya a kan murhu cikinta ba ya ganuwa, sai dai ka ji ƙamshi ka yi hasashe. Hotunanmu na bango duk sun haye sama suna kallon wani can. Teburin cin abinci, da nake ganinsa ɗan ƙarami, ya tare rabin falo.

Akwai kantar littattafai a bangon falo, bayan doguwar kujera. In ina tsaye daidai idona take, Dogo kuwa samanta yake gani, don haka ba wanda ya taɓa ganin ƙarƙashinta. Yau na ɗaga kai sai ga zane. 'Yarmu ce, 'Yar Baba, ta yi da alli mai launi tun tana 'yar mitsitsiya, ta hau bayan kujera ta yi abinta mu ba labari. Mutum uku ne. Ɗaya ƙafafunsa sun cinye katakon gaba ɗaya har kansa ya rasa wuri ya lanƙwashe, ɗaya 'yar dunƙule ce da ɗankwali, ta ukun tana tsakiya ta riƙe su. Na zauna a wurin ban san iya daɗewar da na yi ba. Na ɗauki hotonsa, zan manna shi a kantar cikin manhaja daidai inda yake.

Gwiwoyina duk sun ƙuje don karo da kaya.

Litinin, a ofis, da yamma

Na sauke kyamara. Hotunan sun saɓa duk wata dokar aiki da na sani. Tebur ya yanka hoto gida biyu, silin ya yi yawa, kujeru sun tsaya a gaba kamar shanu a hanya. Oga ya zo wucewa ya leƙa allona ya ce, "Wannan kuma yaro ne ya ɗauka?"

Na ce, "Mijina ne, Oga."

Ya tsaya, ya gyara tabarau, ya wuce. Bayan an tashi ya dawo ya ce babbar kwamfutar nan da ba ya bari kowa ya taɓa ba ta da aiki a makon nan, in na ga dama in riƙa dahuwata a ciki kada ta yi tsatsa. Allah ya saka masa.

Na kuma yi abin da nake gudu. Na shiga rumbun kayan manhaja, na wuce kujerun alfarma da fitilun ƙawa, na gangara sashen kayan asibiti na ɗauko shi. Keken guragu. To, ga shi nan na rubuta. Na daidaita shi da awon keken Dogo da na yi a sace yana barci, na ajiye shi a falo, na yi ta jan shi da linzamin kwamfuta daga ɗaki zuwa ɗaki. Ƙofar gida mai murfi biyu ce, ba matsala. Ta banɗaki da ta kicin sai an fasa an buɗa. Ta ɗakin kwananmu kuwa ya shige sumul, har da ɗan sarari a kowane gefe. Na ji daɗi, don Dogo ne ya kafa ta da kansa, ba na son a taɓa ta.

Akwai mutanen kwamfuta a rumbun, har da na zaune, waɗanda ake ɗorawa a kujera don a ga girman ɗaki. Na buɗe su na rufe. Keken dai na bar shi babu kowa a kai.

Laraba, da yamma

Yau ya yi min gardama! Alhamdu lillahi.

Hoton farko yana fitowa na ga ya gyara kwanciya ya jawo laftof ɗin kusa. Ya dubi keken da ke tsakiyar falo, ya wuce shi. Can sai ya fara.

"Soket ɗin nan ya yi kusa da famfo. So kike ki ƙarasa ni bayan na tsira?"

Na ce za a matsar.

"Fitilar falon nan daga ƙasa tana shiga ido, a sa mata murfi. Tagar kuma a sauke ta, ni ba fursuna ba ne da zan zauna ina kallon katanga."

Na nuna masa wani hoton na gidan yadda yake yanzu kafin gyara, daga zaune, makunni yana can sama. Ya ce, "Wane sakarai ne ya kafa makunni a can?" Na ce wani dogon banza ne, na daɗe ina neman shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ranar nan.

Da ya kai kan kantar littattafai sai ya tsaya. Ya ƙara girman hoton har zanen ya cika allo.

"Ke kika ƙirƙira wannan?"

"Yana nan a gida. Ni ma ranar Juma'a na fara ganinsa."

Ya shafa allon da babban yatsa. Ina tsaye a gefensa, ya ɗago ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Ashe kina da tabo a ƙarƙashin haɓa." Na ce tun ina yarinya yake nan. Ya ce, "Ni tsakar ɗankwali na aura, sai yanzu nake ganin sauran." Ƙarya yake yi, amma na ji daɗin ƙaryar har cikin raina.

Da zan tafi ya riƙe gefen mayafina.

"Zan gwada, amma da sharaɗi. Ba mai tura ni a gidana, ba ke ba, ba kowa ba. Duk inda zan shiga da hannuna zan shiga. In akwai inda na kasa, a ranar zan wuce gidan Yaya, kuma ba za ki yi min kuka ba."

Na ce na yarda, don na bi da keken ta kowace ƙofa, na san babu inda zai kasa. Maganar kukan dai na yi kamar ban ji ba.

Asabar, da azahar

Magini ya fasa dakalan, kafinta ya cire ƙofar banɗaki da ta kicin, ƙura har cikin shayina. Abokin aikin Dogo ya zo ya sauke makunnai, yau na kunna fitilar ɗakina tafin ƙafata yana ƙasa. Da zai tafi na roƙe shi ya ɗauke tsanin. Ya saɓa shi a kafaɗa bai tambaye ni komai ba.

Litinin, da safe

Zazzaɓi ya kama Dogo. Ba su bar ni na daɗe a wurinsa ba.

Talata, da yamma

Har yanzu. Likita yana yi min magana a hankali. Ba na son likita mai magana a hankali.

Laraba, da asuba

Ina zaune a falon da aka gyara, komai daidai hannunsa, shi kuwa ba ya nan. Ya Allah, kai ka san shi kaɗai gare ni.

Alhamis, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. Yana buɗe ido ya tambaye ni ko an sa wa fitilar murfi. Na ce an sa. Ya ce wane iri? Na ce mai launin madara. Ya ce da ma ya san ba za a yi daidai ba in ba ya wurin. Na fita baranda na yi ta godiya ga Allah ina share fuska.

Lahadi, da la'asar

Yaya ta zo duba aiki, fuska a ɗaure. Na zaunar da ita a kujerata mai tayoyi na tura ta gidan kaf, tana salati tana cewa zan karya ta. Ta taɓa makunni, ta jijjiga ƙarfen banɗaki da duk ƙarfinta, ta leƙa ta sabuwar taga. Ba ta yaba ba, amma ta tuɓe mayafi ta taya ni rataye labule. Da za ta tafi ta ce, "Ɗakin baya dai yana nan, Amarya, ban rufe ba." Na ce na sani, Yaya, na gode.

'Yar Baba ta kira daga makaranta. Na ba ta labarin zanen, ta ce, "Wai Mama sai yanzu kuka gani?"

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Da hantsi motar Yaya ta kawo shi. Samarinta suka sauko da shi, daga bakin ƙofar gida ya ce kowa ya matsa. Ya hau gangaren da ƙarfin damtse ya shiga falo. Ya kunna fitila ya kashe, ya sake kunnawa ya kashe. Ya je taga ya ɗaga wa mai shagon tsallake hannu. Ya tsaya ƙarƙashin kanta ya ɗaga kai, muka yi kamar ba mu gani ba. Kicin da banɗaki duk ya shiga ya juya ya fito. Yaya tana biye da shi hannuwa a buɗe kamar mai bin yaro mai koyon tafiya, kuma ta hana a sauke jakarsa daga mota.

Saura ɗakinmu. Ya saita keken ya murza. Gaban ya shiga, sai na ji ƙum. Hannuwansa da ke kan tayoyi ne suka daki katakon ƙofar ta gefe biyu. Ya ja baya, ya sake saitawa, ya sake murzawa. Ƙum. Ya taho da gudu ya ɗage hannu, dokin ƙofar ya tare tayoyin. Ya kama katakon zai jawo kansa, keken ya karkace ya cije. Da ya samu ya ja da baya, fatar bayan yatsunsa ta ɗaye, jini yana tsattsafowa.

Yaya ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na riga na gane inda kuskuren yake.

Na zagayo na durƙusa a gabansa. Na ce, "Laifina ne. Keken na auna, ban auna shi da kai a ciki ba. Na kasa ɗora ka a kai, Dogo, ko a cikin kwamfuta na kasa."

Ya dubi yatsunsa. Ya dubi ƙofar. Ya leƙa ciki inda gadonmu yake, an sauke shi, na shimfiɗa masa sabon zani. Ni kuwa har zuciyata ta fara haɗa masa kayan tafiya gidan Yaya. Shi ya kafa sharaɗin, ni kuma na ce na yarda, a kan hakan babu bakin magana.

Sai ya ɗauke hannuwansa daga kan tayoyin, ya harɗe su a ƙirji kamar babban mutum a bayan mota.

"To, Injiniya," ya ce, "durƙuson me kike yi? Tashi ki tura ni mana."

Na tashi na kama mariƙin. Nauyi gare shi kamar me. Dokin ƙofar ya ƙi, sai da na sa kafaɗa ina nishi, shi kuwa yana cewa a hankali, kada ki goge min fenti. Muka shige. A bayana na ji Yaya tana jan hanci tana ƙwala wa samarinta kira su shigo da jakar.

Yanzu yana barci, na ɗaure masa yatsun, ƙafafunsa sun kai har ƙarshen gado. Na kira kafinta ya ce gobe da sassafe zai zo ya cire katakon ya buɗa ƙofar. Na gaya wa Dogo kafin barci ya ɗauke shi. Ya ce in ce masa ba gaggawa, ya bari sai wani watan.